SAHON RAMI DA LABARIN MUTANEN DA KE ƁACEWA SUNA RAYE

Idan matafiyi ya bar Kontagora ya fuskanci kudu, ya shiga ƙasar Ƙaramar Hukumar Mashegu, abin da zai fara cika masa ido shi ne faɗin ƙasa. Gona ce ke bin gona, dawa da masara da gero da wake, ga itatuwan kaɗanya da ɗorawa tsaitsaye a tsakiyarsu, waɗanda manomi ba ya sa musu gatari ko da ya share duk abin da ke kewaye da su. Can da nisa sai a hango 'yar tunga, ɗakuna huɗu ko biyar da rumbunansu, sa'an nan a sake yin tafiya mai tsawo kafin a ga wata. A cikin wannan ƙasa Sahon Rami yake, garin manoma da masu cinikin hatsi, ɗaya daga cikin mazaɓun Mashegu, a ƙarƙashin masarautar Sarkin Sudan na Kontagora, cikin Jihar Neja.

Baƙon da ya sauka nan daga Kano ko Sakkwato ba zai ji baƙunci ba ko kaɗan. Da Hausa za a yi masa barka da zuwa, da ita zai yi ciniki, da ita yaran mota ke kiran fasinja, da ita kuma malami ke wa'azi. Hatta sunayen garuruwan da ke maƙwabtaka da shi, irin su Babban Rami da Mazakuka, ba sa bukatar tafinta. Kai, ko ita Kontagora kanta, labarin da aka fi ji a kan sunanta shi ne wai da Umaru Nagwamatse ya iso wurin sai ya umarci mutanensa su kwantar da gorunansu, watau an zo masauki, daga nan "kwanta gora" ta bi garin. Saboda haka mai wucewa sai ya ɗauka nan ma ƙasar Hausa ce tun fil'azal, kamar Daura ko Katsina.

To, ba haka ba ne. Shekara ɗari biyu da suka wuce, in an ɗebe Yawuri da sarautarta, Bahaushe a wannan yanki yawanci farke ne mai wucewa zuwa Nufe, ko zuwa Gwanja sayen goro. Masu ƙasar su ne Kambari, da Dukawa, da Kamuku, da Basawa, da Acifawa. Gungawa suna cikin tsibiran kogin Kwara, Dakarkari suna duwatsun Zuru, Nufawa kuma ta kudu. Masana harsuna sun tara yawancin harsunan waɗannan jama'a cikin dangi guda, suka sa masa sunan Kainji, kuma adadinsu ya kusa sittin. Har yau mai kunne, in ya zauna gefen kasuwa ya yi shiru, yakan ji wasu sun gama ciniki da Hausa, sun juya sun yi wa junansu magana da wani harshe dabam, a hankali, kamar masu faɗin asiri.

Abin lura na farko shi ne, yawancin waɗannan sunaye ba su ne masu su ke kiran kansu da su ba. Mutumin Salka da ake ce wa Bakambare, shi a bakinsa jama'arsa Ashingini ne. Wasu Kambarin Akimba ne, wasu Abadi, kuma harsunansu sun sha bamban har ba kullum suke gane juna ba. Dakarkari Lelna suke kiran kansu. Gungawa kuwa Reshe ne, Bahaushe ne ya gan su a gungu cikin ruwa ya laƙaba musu sunan mazauninsu. Kada kuma mai karatu ya rikita waɗannan Kambari da Kambarin Barebari, fataken goron nan da suka yi suna a Gumi da Sakkwato da Kano. Su waɗancan asalinsu Barno ne, Hausa ta daɗe da haɗiye su, suna kaɗai ya rage.

ZUWAN NAGWAMATSE

Wahalar Kambari ta girmi Kontagora. Lokacin da Turawan nan biyu 'yan'uwan juna, Richard da John Lander, suka zo Busa da Yawuri a shekarar 1830 suna neman inda Kwara ta faɗa teku, sun rubuta labarin Kambarin da suka gani a bakin kogi: mutane ne masu ƙwazon noma, amma an raina su, masu mulki suna tatsarsu, ana kuma kama su ana sayarwa. Watau tun kafin a aza harsashin Kontagora, guga yana shan wahala ana yabon igiya.

Amma abin da ya sake kamannin ƙasar baki ɗaya shi ne zuwan Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Sunansa ya samo asali ne daga Gwamatse, ribaɗin da aka ba shi riƙo tun yana saurayi. Sakkwato ta yi masa kaɗan, ya yiwo kudu da dawakinsa yana yaƙi a ƙasashen Gwari da Kamuku da Kambari. A shekarar 1859 ɗan'uwansa Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku ya ba shi sarautar Sarkin Sudan, a 1864 ya kafa Kontagora, ya rasu a 1876. Ɗansa Modibbo ya gaje shi na shekara huɗu, sa'an nan a 1880 sarauta ta faɗa hannun Ibrahim, wanda a zamaninsa ne harin bayi ya kai matuƙa. Garuruwa suka watse, masu rai suka hau duwatsu ko suka shige ƙurmi. Turawan mulki da suka ci Kontagora a farkon 1901 sun ba da rahoton cewa sun tarar da ƙasa mai faɗi ta zama kufai. Ibrahim ya gudu, aka kama shi a 1902, aka kuma mai da shi gadonsa a 1903, ya zauna har rasuwarsa a 1929. Su Turawan ne suka yaɗa labarin nan cewa da aka ce masa ya daina kama bayi, sai ya tambaya ko ana iya hana kyanwa kama ɓera. Lalle ne a tuna cewa Lugga yana da bukatar irin wannan labari don ya halatta yaƙinsa a idon mutanen Ingila. Amma kufan da aka tarar ba ƙage ba ne.

Wannan shi ne dalilin faɗin ƙasar da matafiyi ke gani a hanyar Sahon Rami. Ƙasa ce mai albarka wadda aka kwashe mutanenta, ta daɗe tana jiran masu noma ta. Da fari ya addabi arewa a 1973, da kuma 1984, manoma daga ƙasashen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka yi ta gangarowa neman gona, Filani suka biyo ciyawa. Ɗan ci-rani ya zama mazauni, tungarsa ta zama ƙauye, ƙauyen ya ɗauki sunan Hausa. Ta yamma kuma, da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya ci tsohuwar Busa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa, aka tashi mutum fiye da 40,000, cikinsu har da Gungawa da Kambari masu yawa, aka zuba su cikin sababbin matsugunai inda kowa ya cuɗu da kowa.

WANI MADUBI DAGA GABAS

Irin wannan al'amari ba a ƙasar Kontagora aka fara shi ba, kuma wanda yake son ya ga inda yakan ƙare sai ya dubi labarin wata tsohuwar al'umma ta ƙasar Sham, wadda ta bi wannan hanya har ƙarshenta tun shekara dubu biyu da suka wuce. Su ne Edomawa, waɗanda daga baya aka sani da mutanen Idumiya.

Ƙasarsu ta asali, Edom, tana kudu da Tekun Gishiri, cikin duwatsun kudancin ƙasar Jodan ta yau. Babban birninsu Bozra, inda garin Busaira yake yanzu. Littattafan Bani Isra'ila sun ce su zuriyar Isuwa ne, ɗan Annabi Ishaƙu, tagwayen Annabi Yaƙubu, wanda malaman tarihi na Larabawa ke kira Al-Isu. Suna da sarakunansu, suna da ma'adinin jan ƙarfe a kwarin Fainan, suna karɓar kuɗin fito daga ayarin da ke ɗauko turare daga kudancin Arabiya. Suna kuma da abin bautarsu mai suna Kos, wanda suke saka sunansa cikin sunayen 'ya'yansu. A tsakiyar ƙarni na shida kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), Nabonidus Sarkin Babila ya rushe mulkinsu, har yanzu hotonsa yana nan sassaƙe a jikin dutse a Sila, kusa da Ɗafila. Larabawan Nabatawa, maginan birnin Fetra, suka mamaye tsohuwar ƙasar, su kuma Edomawa suka yi ta matsawa yamma zuwa kewayen Hebron, watau Al-Halil. Da Yunanawa suka zo, sai suka murɗa sunan Edom ya dace da bakinsu, suka ce Idumiya. Ashe su ma, kamar Gungawa, da sunan da baƙo ya ba su duniya ta san su.

A sabon mazauninsu suka sake yin arziki. Wanda ya je kufan birninsu Maresha a yau, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, zai tarar da gari guda a ƙarƙashin ƙasa: ɗaruruwan koguna da aka haƙa cikin farin dutse mai laushi, wasu matatsar man zaitun, wasu matattarar ruwa, wasu ɗakunan kiwon tattabaru masu dubban 'yan ramuka a jikin bango, wasu kuma kaburbura masu zane. An tono wata yarjejeniyar aure a nan, rubutacciya a kan tsingaro cikin harshen Aramiya, ta shekara ta 176 kafin haihuwar Annabi Isa, sunan angon Kosram. An kuma sami tsingaro kusan dubu biyu daga ƙasar Idumiya ɗauke da lissafin alkama da sha'ir da mai, cike da sunaye masu Kos a jikinsu, gauraye da sunayen Larabawa da na Yahudawa.

Wajen ƙarshen ƙarni na biyu kafin haihuwar Annabi Isa, Yohana Hirkanus, shugaban Yahudawa, ya ci Idumiya da yaƙi. Josifus, marubucin tarihin Yahudawa, ya ce an ba su zaɓi: ko su yi kaciya su bi shari'ar Yahudawa, ko su bar ƙasar, sai son ƙasar iyaye ya sa suka zauna. Sitirabo Bayunane kuwa ya ba da labarin kamar su ne da kansu suka shiga cikin Yahudawa suka ɗauki al'adunsu. Masana suna ta muhawara a kan wanne ne daidai, alhali kuwa duk wanda ya san yadda mai ƙaramin ƙarfi ke zama kusa da mai babban ƙarfi ya san cewa tilas da son rai sukan kwana ɗaki ɗaya.

Abin mamaki shi ne abin da ya biyo baya. Ba a yi shekara ɗari ba sai ga ɗan Idumiya, Hirudus ɗan Antifata, ya zama Sarkin Yahudawa da goyon bayan Rumawa, ya yi mulki daga shekara ta 37 zuwa ta 4 kafin lissafin Miladiyya. Shi ya sake gina Haikalin Ƙudus, kuma manyan duwatsun da ke ƙasan katangar harabar Masallacin Ƙudus nasa ne. Ginin da ya kewaye kabarin Annabi Ibrahim a Al-Halil ma shi ake danganta wa. Duk da haka abokan hamayyarsa ba su fasa yi masa gorin cewa shi rabin Bayahude ne ba. A cikin fadarsa akwai wani Kostobar, mijin ƙanwarsa, daga gidan da ke riƙe da tsafin Kos a da, wanda aka ba mulkin Idumiya, ya yi ƙoƙarin ɓalle ta don mutanensa su koma kan al'adarsu. Bai yi nasara ba, daga baya ma Hirudus ya kashe shi. Da Yahudawa suka yi wa Rum tawaye a shekarar 66 Miladiyya, Josifus ya ce mayaƙa 20,000 suka zo Ƙudus daga Idumiya don su kare birnin. Jikokin waɗanda aka ci da yaƙi ne suka zo mutuwa saboda birnin waɗanda suka ci su. Bayan Rumawa sun rushe Ƙudus a shekarar 70, sunan mutanen Idumiya ya yi ta dusashewa har ya fita daga tarihi. Ba wanda ya karkashe su har suka ƙare. Sun narke ne cikin wasu.

KASUWA DA AURE

A ƙasar Kontagora ma, takobin Ibrahim bai ƙarar da Kambari ba. Suna nan da yawansu a Salka da Auna da Ibeto da Agwara da Rijau, har Ngaski ta Jihar Kebbi, da ƙauyukan Mashegu, kuma har gobe in ana zancen manoman da ke cika rumbu a Jihar Neja dole a sa su a sahun gaba. Abin da yaƙi ya kasa, zaman lafiya ne ya yi shi, a hankali, ba hayaniya. Ba a cin kasuwa sai da Hausa. Ba a shiga alkali ko asibiti ko tashar mota sai da ita. Wanda ya musulunta yakan ɗauki sabon suna da riga da hula, mutanensa su ce ya zama Bahaushe. Wanda ya shiga coci ma bai tsira ba, gama 'yan mishan da suka zauna Salka da Zuru tun cikin shekarun 1920 da Hausa suka yi yawancin aikinsu, Littafi Mai Tsarki na Hausa kuma ya fito a 1932, shi ake karantawa, da ita ake waƙa. Watau masallaci da coci, duk da saɓaninsu, ƙofa ɗaya suka buɗe wa yaro. In kuma Bakambare ya auri Badukiya, ko Bakamuke ya auri Banufiya, to, da wane harshe za a yi renon ɗan in ba da Hausa ba?

Tare da harshen, sauran kayan gida ke tafiya. Akwai Magiro, dodon kakanni da Kambari da Kamuku da Dukawa suka sani, wanda mace ba ta ganinsa, shi ne a da ke tsawata wa mai laifi. Akwai noman surukai, inda saurayi ke yi wa iyayen yarinya aikin gona shekara da shekaru kafin a ba shi ita, abin da Dakarkari ke kira golmo. Musulmi da Kirista ba za su yi kukan rabuwa da tsafi ba, kuma ba wanda ya isa ya ce wa saurayin yau ya koma bautar shekara bakwai a gonar suruki. Amma ba tsafi kaɗai ke cikin harshe ba. A cikinsa sunayen itatuwa da magungunansu suke, da sunayen irin dawa, da labarin wane dutse aka ɓuya a zamanin hari, da waye ya fara saran wane daji. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da rikicin gona ke kai mutane gaban alƙali kullum.

Wanda yake tsammanin wannan tsoro ne kawai na masana, sai ya nemi labarin Basawan Kontagora. Suna zaune arewa maso gabas da garin, cikin ƙasar Mariga, suna da harshensu na kansu. A shekarar 1987 masu binciken harsuna suka ƙiyasta cewa waɗanda suka rage suna jin sa ba su wuce mutum goma ba, alhali jama'ar dubbai ce. Sauran duk Hausa suke yi. Ba annoba aka yi ba, ba yaƙi ba. Mutanen suna nan suna noma, suna aurarwa, suna zuwa kasuwa. Gungawa da yawa ma haka suka koma Yawurawa masu magana da Hausa.

Ba laifin Bahaushe ba ne don harshensa ya yi daɗin ciniki, kuma Hausa ba ta zaɓen wanda za ta haɗiya. Ta haɗiye Agalawa da Tokarawa da suka fito daga ƙasar Azbin, har daga cikin Agalawa aka sami Alhasan Ɗantata, attajirin da ba a yi kamarsa ba a Kano a zamaninsa. Ta haɗiye shi kansa gidan Nagwamatse, Filanin Toronkawa, waɗanda fadarsu da Hausa take magana, tun daga kansa har zuwa Alhaji Sa'idu Namaska da ya yi sarauta daga 1974 zuwa 2021, da Alhaji Muhammadu Barau Mu'azu da ya gaje shi. Mai ci da wanda aka ci sun haɗu a baki ɗaya. Inda laifi yake shi ne wajen raini. Har yau akwai mai buɗe baki ya kira maƙwabcinsa da sunan ƙabilarsa a matsayin zagi, kuma 'yan jarida ba su cika tunawa da Kambari ba sai in za a je wani ƙauye a ƙasar Rijau a ɗauko hoton waɗanda ba su sa riga ba. Yaron da ya tashi yana jin haka, shi zai fara ɓoye harshen uwarsa tun kafin wani ya hana shi.

Akwai kuma inda mutanen Idumiya suka fi Basawan Kontagora sa'a. Su sun bar tsingaro mai rubutu da koguna cikin dutse, har bayan shekara dubu biyu aka tono aka karanta sunan ango. A nan kuwa ginin ƙasa ne da jinka, damina biyar ta isa ta shafe gida, tarihin kuma a bakin tsofaffi yake. Shi ya sa aikin da wasu 'ya'yan Kambari suka daɗe suna yi a Salka, na tsara wa harsunansu haruffa da buga littattafan koyon karatu, ya fi ƙarfin a kira shi aikin coci kawai, ko da yake daga can ya taso. Jami'o'in Arewa, waɗanda da yawansu ke da sashen Hausa, ba su yi wa waɗannan harsuna rabin abin da ya kamata ba.

Lokaci kuwa ba ya jira, gama ƙasar ta sake shiga wani zamanin hari. A shekarar 2021 kaɗai, 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai a Kagara cikin watan Fabrairu, suka kwashe yaran Islamiyya fiye da ɗari a Tegina cikin watan Mayu, sa'an nan cikin watan Oktoba suka faɗa wa masallaci a Mazakuka, nan cikin Mashegu, ana sallar asuba, suka kashe kimanin mutum 18. Harsashi bai tambayi kowa ƙabilarsa ba. Bahaushe da Bakambare da Banufe duk sun binne nasu. Amma ƙananan tungaye na cikin daji su suka fara watsewa, kuma a irinsu ne tsofaffin harsuna suka sami mafaka tun zamanin Ibrahim. A wancan karo dutse da ƙurmi aka gudu. A wannan karo dajin ne ya zama abin tsoro, sai aka gudo bakin titi, zuwa garuruwa irin su Sahon Rami da Kontagora, aka raɓa a gidajen dangi da kangaye. Nan yaran ke tashi cikin sauran yaran unguwa. Da magariba kaka takan leƙo ta kira jikanta da harshen tungarsu, shi kuma ya amsa mata daga cikin wasa ya ce, "Ina zuwa."